Lambar Waya Ta Sa Na Kira Kawuna Ɓarawo

Assalamu alaikum, Edita da masu karatu. Na daɗe ina juya wanga labari a raina kafin in ɗauki biro, don ba labari ne da zai sa a yabe ni ba. Ina roƙon a sakaya sunana.

A lokacin da abin ya faru ina koyarwa a wata makarantar firamare cikin garin Wurno, ina da aure da 'ya'ya uku, na ƙarshen yana goye. Asalina 'yar wani ƙauye ce kusa da Tursa, a ƙasar Rabah, kuma duk gidanmu ni kaɗai na yi boko har na samu takardar malanta. Saboda haka duk abin da ya shafi takarda, ko banki, ko asibiti, ni ake jira. Ba zan ɓoye ba, abin ya shiga kaina. Ina ganin ba a yi wanda zai yi mani wayo ba, kuma duk wanda bai iya karanta saƙon waya ba ina yi mashi kallon wanda ke tafiya a duhu.

Ƙanena, autan Inna, kabu-kabu yake yi da babur. Wata ranar kasuwar Goronyo wani mutum ya ba shi kaya, buhun burodi da jarka biyu ta fetur, ya ce ya kai mashi wajen Shinaka, shi zai biyo baya a mota. A shingen bincike anka tsare yaron, anka ce 'yan bindiga yake kai wa. Mai kayan har yau ba a sake jin ɗuriyarshi ba. Bayan sati uku anka gabatar da shi kotu, kotu ta tura shi gidan yari a birni jiran shari'a. Ya bar matarshi da ƙaramin ciki, ya bar Inna tana cin abinci kamar magani.

Wanda bai taɓa samun nashi a ciki ba ba zai gane wahalar ba. Babu wata lamba da za ka kira ka ji ko ya kwana lafiya. Sai dai ka je da ƙafarka ranar ziyara, ka bi layi tun hantsi, a caje ka, a sa ka ɗanɗana abincin da ka kawo, sannan a ba ka 'yan mintoci ta bayan ragar ƙarfe, gandiroba na tsaye yana jin duk abin da kuke faɗi. Kuɗi kuwa a bakin ƙofa ake karɓa a ajiye wa mutum, ka juyo hannunka babu wata shaida. Sau ɗaya na je. Hanyar ba lafiya, ga goyo, ga makaranta, sai maigidana ya ce in haƙura. Nan Kawu ya ɗauki nauyin. Ƙanen Inna ne, manomin albasa, ya haura sittin, bai yi boko ba, wayarshi 'yar ƙarama ce mai tocila. Shekara da shekaru shi ke kai wa mutanen ƙauyenmu albasarsu birni ya sayar ya kawo masu kuɗinsu. Ya ce zai riƙa leƙa yaron duk bayan sati biyu. Ni kuma in ya biyo ta Wurno in ba shi garin kwaki da ƙuli-ƙuli da sabulu, da ɗan abin da ya samu daga albashina.

Wata na biyu da tsare shi, ina cikin aji da rana, baƙuwar lamba ta kira ni. Ina ɗauka na ji muryar ƙanena ƙasa-ƙasa. Ya ce kada in yi magana mai tsawo, akwai wani a ɗakinsu da ke da waya a ɓoye, yana ba da haya. In ina son in riƙa jin shi, in tura kati a wannan lambar, in kuma tura kuɗi a asusun da za a turo mani, mai wayar zai cire nashi ya ba shi saura. Ya roƙe ni kada kowa ya sani, don in maganar ta fita za a ƙwace wayar a hukunta su. Minti biyu bai cika ba anka kashe. Da Inna ta zo asibiti Wurno na haɗa ta da ƙanena, ta riƙe wayar da hannu biyu tana kuka tana sa mashi albarka. Ni na ja mata kunne kada ta faɗa wa ko Kawu, na ce tsofaffi ba su iya riƙe magana ba.

Daga nan na zama 'yar gida a shagon mai POS na bakin kasuwa. Abin da ya fara ɗaure mani kai shi ne, kowane karo asusu daban ake turo mani, da suna daban, yau na mace, gobe na wani shago. Mai wayar ya ce dole ne, don kada a gane. Ga sabis ɗinmu na nan da kowa ya sani: sai a cire kuɗi, rasit ya fito, can kuma a ce ba su ga komai ba. In ba su gani ba, ba za a ba yaron waya ba. In koma wajen mai POS ya ce shi nashi ya fita, in je banki, banki kuwa sai birni. Akwai karon da kuɗin sunka maƙale kwana tara. Na tsaya a shagon bawan Allah nan na faɗa mashi maganganu, na ce ina sane da irinsu masu danna-danna su karkatar da kuɗin mutane. Ranar da kuɗin sunka dawo ya aiko a kira ni ya miƙo mani. Ko kunya ban ji ba. A raina cewa na yi tsorona ya ji. Haka zuciyata ta koma, kowa na kalla sai in ga kamar da wani abu a ƙasa.

Bayan kamar wata ɗaya sai muryar ƙanena ta ɗauke. In lambar ta kira, mai wayar ne ke magana. Mutum ne mai laushin harshe, Malama yake ce mani, ba ya fara zance sai ya tambayi gwiwar Inna da jikin mai ciki. Ya ce an tsananta bincike, an mayar da ƙanena wani ɓangare, amma suna haɗuwa wurin sallar Azahar, duk saƙon da ke akwai shi zai riƙa kaiwa yana kawowa. Na ɗan yi turus, na gwada shi da tambayoyi. Ya faɗa mani sunan da Inna ke kiran yaron da shi tun yana ƙarami, ya faɗa mani tabon ƙunar salansar babur da ke ƙafarshi ta dama. Na ce lalle wanga na tare da shi. Ana haka wata rana, kamar mai jin nauyi, ya ce akwai maganar da ƙanena ya hana shi faɗi, amma shi ba zai iya gani ya yi shiru ba. Wai tsohon da ke zuwa ziyara gari da sabulu kawai yake kawowa, in an tambaye shi kuɗi sai ya ce Malama ba ta bayar ba. Ya roƙe ni kada in tunkari tsohon, don in ya ji an tona shi zai iya kai ƙarar wayar.

Ban yarda nan take ba, amma maganar ta zauna. Zuwan Kawu na gaba na tambaye shi ko ana ba shi wata takarda in ya ajiye kuɗi. Ya ce a'a, su dai suna karɓa, shi kuma ya faɗa wa yaron. Na ga ya kau da kai yana gyara hula, na ce a raina alamar rashin gaskiya ke nan. Sannan ya ce yaron ya ba shi wani saƙo da shi bai gane kanshi ba: wai a ce wa Yaya, wato ni, rijiyar da suke ɗiba ta ƙafe, kada ta ƙara zura guga. Ya tambaye ni wace rijiya ce. Na ce ban sani ba. Yana fita na yi wa mai wayar filashin, ya kira, na karanta mashi saƙon. Ya yi 'yar dariya ya ce ai Malama ke ce mai ilimi, mi ya rage a fassara? Rijiya tsohon ne, yaron ba zai iya faɗi a gaban idonshi ba shi ya sa ya sakaya. Sati biyu bayan nan na je ƙauye na tarar Kawu ya sauke bunun ɗakinshi ya buga sabon kwano. Na tsaya ina kallon kwanon nan yana ƙyalli a rana, ina jin kamar gumina ne anka shimfiɗa a sama. Matarshi ta ce ɗansu da ke Legas ya aiko. Na ce Allah ya sa alheri, na wuce.

Daga ranar na daina ba Kawu ko sisi, sai gari da sabulu. Bai tambaye ni dalili ba, ni kuma na ɗauki shirun nan a matsayin amsa laifi. Komai sai ta hannun mai waya. Ya ce ƙanena na fama da zazzaɓi da gudawa, na tura na magani. Ya ce an samu wani mai hanya da zai sa a matso da ranar shari'a, na tura. In Kawu ya dawo ya ce ya iske yaron lafiya lau, sai in ce a raina dole ka ce haka. Da na ce zan zo in duba shi da kaina, mai wayar ya ce kada in kuskura, an sa wa ɗakinsu ido, in anka ga sabuwar fuska za a fara tambayoyi. Daga ƙarshe ya kawo maganar beli. Ya ce lauyan da ya fitar da mutum uku a ɗakinsu ya yarda, amma sai an ba da kafin alƙalami cikin kwana huɗu. Adashena na riga na cinye shi. Na je na zauna gaban Inna na ce ta kawo karsanarta, ita kaɗai ta rage mata cikin abin da Baba ya bari. Ba ta yi musu ba. Ta shafa bayan dabbar ta ce in dai auta zai ga ɗanshi ranar suna, a kai ta kasuwa. Maigidana ya ce in dakata a bincika. Na ce mashi ba ƙanenshi ba ne shi ya sa.

Matar ƙanena ta haihu, namiji, babu beli babu dalilinshi. Mai wayar ya ce alƙali ne ya yi tafiya. Ranar suna gida ya cika, zuciyata kuwa kamar ta fashe. Bayan an watse daga raɗin suna Kawu ya shigo cikin gida gaida mata. A gaban kowa ya ce wa Inna ya ji wai an sayar da karsana saboda beli, shi kuwa shekaranjiya ya ga yaron, bai ce mashi akwai wata maganar beli ba. Ya juyo ya ce, ɗiyata, wa kika ba kuɗin nan? Wallahi ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce na ba wanda zai kai, ba wanda zai buga kwano da su ba. Na ce wata da watanni yana cin haƙƙin ɗaurarre, ɗan 'yar'uwarshi, yana dawowa yana yi mana salati. Na kira shi da sunan da ba zan iya sake furtawa ba sai a kan takardar nan: ɓarawo. Mai daka ta tsaya da taɓarya a hannu. Inna ta ce in rufe mata baki, na ƙi. Kawu ya dube ni. Bai rantse ba, bai yi Allah ya isa ba. Ya ce shi dai ranar Laraba ta sama zai koma wajen yaron in Allah ya kai mu, mai saƙo ya kawo. Ya sa takalmanshi ya fita.

Da anka yi hutun makaranta maigidana ya ce ko ina so ko ba na so sai mun je mun gani da idonmu. Ban faɗa wa mai wayar ba, don ina son in ba ƙanena mamaki. Anka fito da shi, ya rame amma garau yake. Na tambayi jikinshi, ya ce wane jiki? Shi ko ciwon kai bai yi ba. Na rage murya na ce ya maganar lauyan abokinka? Ya dube ni, ya saci kallon gandiroba, ya ce Yaya, ba Kawu ya faɗa maki rijiya ta ƙafe ba? Mutumin nan wata huɗu ke nan da anka sake shi, ya fita da abinshi, kuma tun kafin ya fita rabin abin da kike turowa ba ya ba ni. Na ce to da mi kake rayuwa? Ya ce da abin da kike aiko Kawu da shi mana, ai bai taɓa fashi ba, zuwan da ya yi na ƙarshe ma har da bargo da ƙarin kuɗi, ya ce ke kika bayar. Ni da na yi wata uku ban ba shi ko sisi ba. Ƙanena yana ta yi mani godiya ta bayan ragar, yana tambayar kamannin jaririn, ni kuwa ban iya haɗa ido da shi ba har anka ce lokaci ya cika.

Muna fita bakin titi na kira lambar. Ya ɗauka da fara'arshi, ya tambayi mai jego. Na ce ina ƙanena? Ya ce ga shi nan kusa da shi kwance, zazzaɓin ya dawo, dama yanzu yake shirin kirana saboda allura. Na ce yanzun nan na fito daga wurinshi. Sai ƙit, ya kashe wayar. Ban sake samun lambar ba har yau. A mota ina ta tuno hirarrakinmu, sai na gane yawancin abin da yake faɗa mani ni nake fara ba shi. Ni na faɗa mashi an haihu, ni na faɗa mashi akwai karsana, ni na faɗa mashi akwai wani tsoho da ke zuwa. Mun kai ƙara wajen 'yan sanda, anka ce mu kawo rasit, na kawo cike da leda. Anka bi asusu biyu, anka iske na masu POS ne a wasu garuruwa, sunka ce mutum ya zo ya karɓa ya tafi, su ba su riƙe fuska ba. Nan maganar ta mutu.

Washegari na tafi ƙauye. Na iske Kawu a fadama yana ba albasa ruwa, wandonshi naɗe zuwa gwiwa. Na durƙusa cikin laka na faɗa mashi komai, ina kuka. Ya bari sai da na gama. Ya ce shi tun a ranar ya yafe, don ya san ba a hayyacina nake ba. Amma ya ce, ɗiyata, ba a fadama kika faɗa ba, a cikin taro kika faɗa. Na bi gida-gida, duk matar da na tuna tana wurin sunan na same ta na warware. Na sa maigidana ya yi wa maza bayani a ƙofar masallaci. Sai dai magana zarar bunu ce. A kakar albasar nan mutum huɗu daga cikin masu ba shi kaya sunka ba wani. Ba wanda ya ce mashi don mi, shi ma bai tambaya ba. Akwai wadda ta ce mani a fuska, ai biri ya yi kama da mutum, in ba rami mi ya kawo maganar rami.

Ƙanena ya yi shekara ɗaya da wata bakwai kafin kotu ta sallame shi saboda babu mai shaida. Kawu ne ya je ya taho da shi. Na biya Inna karsanarta a hankali. Tsakanina da Kawu akwai gaisuwa, yana zuwa gidana, yana wasa da 'ya'yana. Amma daga ranar sunan nan bai sake karɓar saƙo daga hannuna ba. Ko goro na ce ya kai wa Inna, sai ya yi murmushi ya ce in ba direba, shi ya tsufa, mantuwa ta yi mashi yawa. Na san ba mantuwa ba ce.

Na yi ta tambayar kaina yadda anka yi na gaskata muryar da ban taɓa ganin mai ita ba, na ƙaryata mutumin da na sani tun ina rarrafe. Abin da na gano shi ne, zargi na da daɗi ga mai jin zafi. Ba ni da ikon kama wanda ya ba ƙanena kaya, ba ni da ikon matso da ranar shari'a, sai na huce a kan wanda hannuna ke iya kaiwa. Da akwai halastacciyar hanya da iyali za su ji muryar nasu ko sau ɗaya a wata, su ajiye mashi kuɗi a ba su shaida, da irin mutumin nan bai samu ƙofa ba, kuma ina roƙon masu iko su duba wannan. Amma ba zan ɗora masu laifin bakina ba.

'Yan'uwana da ke da wani a tsare, duk wanda ya kira ku ya ce yana tare da naku, ku ce sai kun ji muryarshi, in ba haka ba kada ku tura ko na kati. Duk wanda ya ce ku ɓoye wa danginku, ko ya hana ku zuwa ziyara, to ku yake farauta. Komai nisan hanya ku je ku gani da ido. In kuma zuciya ta fara nuna maku wani na gida, ku kira shi ɗaki ku tambaye shi ku biyu, kafin ku buɗe baki a cikin mutane. Kuɗin da ɗan damfara ya ci na mayar da gurbinsu cikin shekara biyu. Abin da na cire daga mutuncin Kawu a cikin minti ɗaya, har yau ban samu inda ake sayar da shi ba. Allah ya yafe mana, ya fitar da duk wanda ke tsare bisa zalunci.